Waƙar Kirsimeti da ta fito daga wani ƙaramin gari a Ostiriya

Su wa suka ƙirƙiri waƙar da duniya ta sani da "Silent Night"?

Mutum biyu ne. Joseph Mohr, wani matashin limamin cocin Katolika, ya rubuta baitocinta shida da Jamusanci a 1816. Franz Xaver Gruber, malamin makaranta a ƙauyen Arnsdorf, ya sa mata kari. Su biyun suka fara rera ta a daren 24 ga Disamba 1818 a cocin Saint Nikolas da ke Oberndorf, kusa da Salzburg, Mohr yana kaɗa gita.

Wane hali mutanen garin suke ciki a lokacin?

Suna cikin tsanani ƙwarai, kuma a ganina wanda bai san wannan ba bai gama jin waƙar ba. Yaƙe-yaƙen Napoleon ba su daɗe da ƙarewa ba. A 1816 aka mai da kogin Salzach iyaka, Laufen da ke ɗaya gaɓar kogin ta koma Bavariya (a Jamus ta yau), aka bar Oberndorf a Ostiriya, alhali a da gari ɗaya ne. Yawancin mazauna wurin da dakon gishiri a jiragen ruwa suke cin abinci, sana'ar kuwa tana ta ja da baya. Ga kuma dutsen Tambora na Indonesiya da ya yi aman wuta a 1815, tokarsa ta rage hasken rana, damina ta lalace a Turai, yunwa ta shigo. Talakawan da suka sha wannan wuya su aka fara rera wa waƙar salama da barcin jariri.

Gaskiya ne, kamar yadda ake faɗa, ɓeraye suka lalata organ (babban kayan kiɗan coci) ɗin cocin, shi ya sa aka rera ta da gita?

Labari ne da ya yaɗu daga baya. Bayanin da Gruber ya rubuta da hannunsa a 1854 bai ambaci haka ba.

Ta yaya ta bazu?

Karl Mauracher, mai gyaran organ, ya tafi da ita kwarin Zillertal a Tirol. Iyalan Strasser da Rainer, mawaƙa masu yawon kasuwanni da bukukuwa, suka ɗauke ta. A 1839 'yan Rainer suka rera ta a New York, sannan John Freeman Young ya fitar da baitoci uku da Turanci a 1859. Ta yi nisa har aka manta masu ita, wasu suna cewa ta sanannen mai tsara kiɗa Michael Haydn ce.

Me ya sa har yanzu ba ta tsufa ba?

Sauƙinta ne. Karinta a hankali yake tafiya kamar waƙar reno, yaro da tsoho duk suna iya bi ko babu kayan kiɗa. A Kirsimetin 1914, sojojin Jamus da na Birtaniya sun rera ta daga ramukan yaƙi, kowa da harshensa. A 2011 aka sa ta cikin jerin al'adun gado na UNESCO a Ostiriya. Ambaliya ta sa an rushe tsohon cocin, amma an buɗe ƙaramin ɗakin ibada a gurbinsa a 1937, inda jama'a ke taruwa kowace 24 ga Disamba su rera ta.