Mayar da Sifa Aikatau a Turanci

Mayar da sifa aikatau hanya ce ta ƙirar kalma da Turanci ke bi don samar da aikatau daga sifa. Aikatau ɗin da aka samu yakan ɗauki ma'anar sa abu ya zama haka, ko abin ya zama haka da kansa.

Sananniyar hanya ita ce ɗafa-ƙeyar -en, wato ɗafin da ake liƙawa a ƙarshen kalma: wide ta koma widen, short ta koma shorten, red kuma ta ninka baƙinta ta zama redden. Sai dai wannan ɗafi yana da tsirfa. Ba ya yarda sai da sifa mai gaɓa ɗaya, wadda ta ƙare da baƙi irin su t, d, k, p, f ko s. Shi ya sa ake da blacken da whiten, amma green da blue ba su samu shiga ba. Long da strong ma sun faɗi wannan jarrabawa, sai aka zagaya ta kan sunayensu, length da strength, aka ƙera lengthen da strengthen. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin daga suna yake gina tsawaita da ƙarfafa, wato daga tsawo da ƙarfi. Ɗalibai kan yi tuntuɓe a furucin soften, saboda harafin t a rubuce kawai yake, ba a furta shi.

Akwai kuma ɗafa-goshin en-, wato ɗafin farkon kalma, kamar a enlarge da enrich, wanda kan rikiɗa zuwa em- a gaban b ko p, misali embitter. Embolden ta haɗa goshi da ƙeya.

Dogayen sifofi na aro sun fi tafiya da ɗafi na aro. -ify daga Latin ta zo ta hannun Faransanci, wanda ya kwararo cikin Turanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Ita ta ba da simplify da purify. -ize asalinta Girkanci ne, kuma har yau tana haifar da sababbin kalmomi cikin sauƙi, ga modernize da legalize. Amurka da z take rubuta ta, yawancin marubutan Birtaniya da s, amma madaba'ar Jami'ar Oxford ta tsaya kan z.

Wasu sifofin ba sa buƙatar ɗafi ko kaɗan. Dry, clean da empty suna aiki a matsayin aikatau yadda suke, muhallinsu a jimla ne kawai ke nuna rigar da suka saka.