Waiwaye: Yadda tsoron likitan haƙori ya ƙaru a Damagaram

Tun da aka rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati cikin 2024, muhawara ɗaya ta ƙi ƙarewa a fada da majalisun Damagaram: me ya sa har yanzu mai ciwon haƙori ba ya zuwa likita sai kumatu ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa? Wasu sun ce talauci ne, wasu sun ce rashin sani. Duka akwai ƙamshin gaskiya, amma tsoron da ake gani yau yana da tarihinsa.

Tun fil azal, mutanenmu na fara jinyar haƙori ne a gida: ruwan gishiri mai ɗumi, kanumfari a cusa cikin kogon, ƙwayar kashe zafi daga mai tire a kasuwar Dole, in abin ya faskara a nemi wanzami. Likitocin haƙori kuma ƙalilan ne a jihar baki ɗaya. A haka korona ta same mu. Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Nijar, aka rufe iyakoki da makarantu da masallatai, aka killace Yamai, har aka yi tarzoma a Mirriya kan batun sallar jam'i. Wannan kowa ya tuna.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne ɗan ma'aunin zafin jiki da ake nuna wa mutum a goshi a ƙofar shiga, kusa da bokitin wanke hannu. Matakin kariya ne da ya dace da lokacinsa. Sai dai haƙorin da ya ruɓe har ya tara mugunya yana kawo zazzaɓi, kuma a watannin nan duk mai zazzaɓi gani yake korona za a ce yana da ita. Ga shi ana ta yaɗa cewa wanda aka killace ba mai ganinsa, in ya cika ma dangi ba za su yi masa sutura yadda aka saba ba. Mai kumburin kumatu sai ya auna, ya ga gara ya kwana da zogi a ɗakinsa.

Na gani da idona a gidanmu, a unguwar Birni. Ƙanwar mahaifina ta yi kwana huɗu ba ta tauna komai, sai kunu take kurɓa ta gefe guda. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki shirya in kai ki likita." Ta ce, "Ɗan nan, ka ƙyale ni. In suka ɗora mini abin nan a goshi suka ji jikina da zafi, wa zai shaida musu haƙori ne?" Na rasa amsar da zan ba ta, domin ni ma a ranar ban tabbata ba.

Azumi kuma ya kama a ƙarshen Afrilu, lokacin da da ma mutane ke gudun a taɓa musu baki don kada su haɗiye ruwa ko jini. Su ma likitocin suna da nasu fargaba, kuma da hujja: mara lafiya dole ya cire takunkumi, fuska na dab da fuska, injin goge haƙori na fesa ruwa da yawu cikin iskar ɗaki. Shi ya sa a ƙasashe da dama aka taƙaita aiki ga na gaggawa kawai. Da aka buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu, makarantu a farkon Yuni, kowa ya ji shela ya koma. Ciwon haƙori kuwa babu ranar da mutane suka ji a jikinsu cewa jira ya ƙare.

Haƙori ba ya warkar da kansa. Ɗan ramin da ciko zai toshe cikin rabin awa, in ya yi watanni sai ruɓar ta kai jijiya. Wani lokaci zafin ya ɗauke, mutum ya ce ya samu sauƙi, alhali jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a gindi. Mafi muni, allurar kashe zafi ba ta kamawa sosai a naman da ya kumbura da mugunya. Wanda ya jinkirta don tsoro, shi ne zai fi jin zafi ranar cirewa, ya dawo gida ya ba da labari, yaran da ke sauraro su ɗauka haka ake yi wa kowa. A ganina nan tsoron ya yi saiwa, kuma ragin kuɗi kaɗai ba ya tumɓuke shi.

Abin ya fi tayar mini da hankali kan ƙananan yara. Damagaram ta san ciwon noma, wanda ke farawa da gyambon dasashi ya cinye fuskar yaro cikin ƴan kwanaki, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Uwar da ta saba jira da nata bakin, za ta jira da na ɗanta.

Gwaggo dai bayan ƙaramar salla ta yarda muka je, aka ba ta magani kumburin ya sauka, sannan aka cire matauni biyu. Bara wani haƙorin ya fara yi mata tsami in ta sha ruwan randa. Sai da na yi mako uku ina lallashi kafin ta hau kabu-kabu, kuma wannan karon ciko kawai aka yi.