Seagate Technology

Seagate Technology kamfani ne mai ƙera faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, wato abin da masu gyara da 'yan kasuwar kwamfuta ke kira had disk. An haife shi a jihar Kalifoniya ta Amurka, rajistarsa tana ƙasar Ayalan tun 2010, babban ofishinsa na Amurka yana garin Fremont da ke Kalifoniya, mafi yawan haɗa kayansa kuwa a Asiya ake yi. Kamfanoni sama da 200 sun taɓa shiga wannan sana'a tun daga 1956 da IBM ta fito da faifan farko. Uku ne suka rage: Seagate, Western Digital da Toshiba. Wasu daga cikin manyan waɗanda suka ɓace, cikin Seagate suka narke.

Kafuwa

An yi wa kamfanin rajista a ƙarshen 1978 da sunan Shugart Technology, amma sai a 1979 aiki ya kankama, shi ya sa wasu ke ba da wannan shekara, wasu waccan, a matsayin shekarar kafuwa. Mutum biyar ake lissafawa: Alan Shugart, Finis Conner, Tom Mitchell, Doug Mahon da Syed Iftikar. Mazauninsu na farko Scotts Valley ne, wani ƙaramin gari kusa da Santa Cruz.

Shugart ba baƙo ba ne a harkar. Ya shiga IBM a 1951, ya yi aiki a San Jose inda aka ƙera faifan farko, ya koma Memorex a 1969, sannan a 1973 ya kafa Shugart Associates mai yin na'urar karanta faifai mai laushi, wato floppy. Bai daɗe a can ba suka raba gari da masu zuba jari. Kamfanin ya ci gaba da amsa sunansa ko bayan tafiyarsa, daga baya Xerox ta saye shi, saboda haka da sabon kamfani ya fito da sunan Shugart, sai batun shari'a ya taso. Don kauce wa wannan ne aka koma Seagate.

ST-506 da ST-412

Kafin 1980 faifan ajiya kayan manyan kwamfutoci ne, faɗin farantinsa inci 14 ko inci 8. Dabarar Seagate mai sauƙi ce: a yi faifan da zai shiga ramin da na'urar faifai mai laushi ta inci 5.25 ke zama a cikin ƙaramar kwamfuta, ba sai mai ƙera kwamfuta ya sake fasalin akwatinsa ba. Abin da ya fito a 1980 shi ne ST-506, mai ɗaukar megabait 5, farashinsa dala 1,500.

A cikinsa akwai faranti 2, kowanne ana rubutu a fuskokinsa biyu, don haka kawunan karatu, wato 'yan na'urorin da ke rubutu da karatu a kan faranti, 4 ne. Kowace fuska tana da da'irori 153, farantan na juyawa sau 3,600 a minti. Abin da ke motsa kawunan wani ƙaramin inji ne mai tafiya taku-taku: bugun lantarki ɗaya, taku ɗaya, da'ira ɗaya. Faifan kansa ba shi da wayo. Wani kati ne daban da ake sokawa a allon kwamfuta yake yin duk lissafin, ana haɗa su da waya biyu, mai ƙafa 34 ta umarni da mai ƙafa 20 ta bayanai. ST-412 da ya biyo baya a 1981 ya ninka da'irorin zuwa 306, ya ba da megabait 10, ya kuma iya karɓar jerin bugun taku a lokaci ɗaya ya adana su sannan ya aika kan wurin da ake so da gudu, maimakon jiran taku bayan taku.

Wannan tsari yana da aibinsa da duk wanda ya yi aiki da shi ya sani. Injin taku bai san inda da'ira take ba, ƙidaya kawai yake yi. Idan faranti ya yi zafi ya buɗe, ko ya yi sanyi ya tsuke, sai kai ya sauka gefen rubutu kaɗan, kuskure ya fara fitowa. Maganinsa a wancan zamani shi ne a kwashe bayanai, a bar faifan ya ɗumama, a sake zana masa da'irori daga tushe. Haka kuma sai an ba da umarnin ajiye kawuna a gefe kafin a ɗauki kwamfuta, in ba haka ba girgiza ɗaya ta isa ta karce faranti.

Duk da haka, ST-412 ne ya buɗe wa kamfanin ƙofa, domin IBM ta zaɓe shi cikin faifan da ta saka a kwamfutar PC XT a 1983. Hanyar haɗin wayoyin nan biyu ta zama ma'aunin da sauran kamfanoni suka bi kusan shekara goma. ST-225 mai megabait 20, wanda tsayinsa rabin na farko ne, ya zama ɗaya daga cikin faifan da aka fi sayarwa a shekarun 1980. Kamfanin ya riga ya shiga kasuwar hannun jari tun 1981.

Zamanin Mitchell da tafiyar Conner

Dogaro da mai saye ɗaya ya kusa yi wa Seagate illa. Da IBM ta rage oda ta kuma matsa a kan farashi wajen 1984, riba ta faɗi warwas. Tom Mitchell, wanda harkar masana'anta ke hannunsa, ya amsa da kwashe aikin haɗawa zuwa Singapo, inda aka fara tun wajen 1982, sai Tailan, aka sallami ma'aikata da dama a Kalifoniya. A nan ne kuma aka kafa ɗabi'ar da ta bi kamfanin har yau: ya riƙa yin manyan sassansa da kansa, musamman faranti da kawunan karatu, maimakon saye daga waje. Idan kasuwa na ci, wannan yana rage tsada. Idan ta tsaya, masana'antu ne jibge da kuɗin da ba ya dawowa.

Finis Conner ya bar kamfanin a tsakiyar shekarun 1980, ya kafa Conner Peripherals, wanda ya bi akasin wannan hanya: yana sayen sassa daga waje, yana ƙera abin da mai saye ya riga ya nema. Ya kama faifan inci 3.5, Compaq ta tsaya masa da jari da oda, cikin 'yan shekaru cinikinsa ya haura dala biliyan 1. Seagate tana da injiniyoyin da za su iya wannan girma, amma masu sayen kayanta na lokacin faifan inci 5.25 suke nema, sai ta yi jinkiri. Malaman harkar kasuwanci sun daɗe suna kafa misali da wannan jinkiri.

Imprimis

A 1989 Seagate ta sayi Imprimis Technology, sashen faifai na Control Data Corporation, kan dala miliyan 450. Ana iya cewa babu cinikin da ya canza kamfanin kamar wannan. Kafin nan suna ta yi a kaya masu araha, bayan nan ta samu masana'antu da ɗakunan bincike a Minnesota da Oklahoma, da jerin faifan Wren na manyan kwamfutoci, da ƙwarewa a kan wata hanyar motsa kai da ta fi injin taku nesa ba kusa ba. A wannan hanya hannun da ke ɗauke da kai yana da naɗin waya a cikin maganaɗisu, irin na lasifika, kuma akwai alamomi a rubuce a jikin faranti da kan ke karantawa yana gyara zamansa a kowane lokaci. Matsalar zafi da sanyi ta kau, aka kuma samu damar matse da'irori kusa da juna.

Daga wannan gado ne Barracuda ya fito wajen 1992, faifan farko mai juyi 7,200 a minti. Cheetah mai juyi 10,000 ya biyo a 1996 zuwa 1997, sai mai 15,000 a 2000. Amfanin saurin juyi lissafi ne kawai: a matsakaici kai yana jiran rabin zagaye kafin abin da yake nema ya iso ƙarƙashinsa, wato kimanin milisakan 8.3 a juyi 3,600, 4.2 a 7,200, 2 a 15,000. Farashinsa zafi ne da ƙara da cin wuta, shi ya sa masu juyi 15,000 aka rage musu faɗin faranti.

Mitchell ya sauka a 1991, Shugart ya karɓi ragamar yau da kullum. A 1993 aka buɗe masana'antar kawunan karatu a Springtown da ke Derry, Ayalan ta Arewa. A Fabrairun 1996 Seagate ta haɗiye Conner Peripherals, wanda a lokacin tauraronsa ya dushe.

Shugart mutum ne mai barkwanci, an san shi da rigunan Hawai masu furanni, har ya taɓa tsayar da karensa Ernest takarar majalisar dokoki a 1996 don zolayar 'yan siyasa. A Yulin 1998, bayan kasuwa ta cika da kaya farashi ya karye, kwamitin daraktoci ya sauke shi, Stephen Luczo ya gaje shi. Shugart ya rasu a Disamban 2006.

Ficewa daga kasuwar hannun jari

A shekarun 1990 kamfanin ya tara ƙananan kamfanonin manhaja. A 1999 ya miƙa babban ɓangarensu ga Veritas Software, ya karɓi hannun jari a madadin kuɗi. Sai jarin Veritas ya yi tashin gwauron zabi, har darajar kason Seagate a can ta wuce darajar da kasuwa ke ba Seagate gaba ɗayanta. Ma'ana, masu jari suna ɗaukar sana'ar faifan a bakin ƙasa da sifili. Sayar da jarin kai tsaye kuma zai jawo haraji mai nauyi. Mafitar da aka samu a 2000 ciniki ne mai ƙafa uku: Veritas ta karɓi jarinta ta hanyar haɗewa da tsohon kamfanin, gungun masu jari ƙarƙashin Silver Lake Partners da Texas Pacific Group suka sayi sana'ar faifan kan kimanin dala biliyan 2, sabon kamfanin ya yi rajista a Tsibiran Cayman. A Disamban 2002 ya koma kasuwar hannun jari da alamar STX.

Maxtor, Samsung da ambaliyar Tailan

Bill Watkins ya zama shugaba a 2004. A ƙarƙashinsa aka sayi Maxtor kan dala biliyan 1.9 na hannun jari, cinikin ya kammala a Mayun 2006. Maxtor kuwa ta riga ta haɗiye MiniScribe a 1990 da sashen faifai na Quantum a 2001, duk suka shigo tare. A 2006 ne kuma aka fito da Barracuda mai gigabait 750, wanda ke tsayar da ƙwayoyin maganaɗisu a tsaye maimakon a kwance, don su fi yawa a fili ɗaya. A Afrilun 2008 kamfanin ya sanar cewa yawan faifan da ya sayar tun kafuwarsa ya kai biliyan 1, ya kuma kai biliyan 2 a 2013. Luczo ya dawo kujerar a Janairun 2009.

A 2011 aka sayi sashen faifai na Samsung kan dala biliyan 1.375, rabi kuɗi rabi jari. Ana cikin wannan, a Oktoba, ambaliya ta mamaye yankunan masana'antu na Tailan. Masana'antun Western Digital sun nutse, na Seagate ruwa bai shige su ba, sai dai masu kawo mata sassa, ciki har da masu injin juya faranti, abin ya shafe su. Farashin faifai ya kusa ninkawa a duniya, ya ɗauki fiye da shekara kafin ya sauko. Da Western Digital ta kammala sayen sashen Hitachi a 2012, sai aka koma kamfani uku.

Sauran sayayya: LaCie a 2012, Xyratex da sashen filash (guntayen lantarki masu ajiye bayanai) na LSI a 2014, Dot Hill a 2015.

Matsaloli da ƙorafe-ƙorafe

Wadda aka fi tunawa ita ce ta Barracuda 7200.11 a farkon 2009. Manhajar cikin faifan tana da kundin da take rubuta abubuwan da suka faru. Idan aka kashe wuta daidai lokacin da kundin ke kan lamba 320, ko wata lamba da ta ɗara ta da ninkin 256, a faifan da aka gwada da wasu na'urori a masana'anta, to idan aka kunna sai faifan ya kulle kansa, kwamfuta ta daina ganinsa, alhali bayanan suna nan lafiya a kan faranti. Gyaran farko da aka fitar ya ƙara dagula masu gigabait 500, aka janye shi aka sake wani. Masu gyara sukan farfaɗo da wanda ya riga ya kulle ta hanyar haɗa waya da ƙananan ƙafafun gwaji da ke jikinsa, su raba allon da injin juyi na ɗan lokaci da guntun kati, su aika umarnin share kundin.

Faifan ST3000DM001 mai terabait 3 ya jawo ƙarar haɗin gwiwa a Amurka a 2016 bisa zargin yawan lalacewa. A 2020 an soki kamfanonin uku kan sayar da faifan da da'irorinsa ke hawa kan juna ba tare da bayyanawa ba. Irin wannan yana ɗaukar kaya da yawa, amma sake rubutu a kansa na da nauyi. A Afrilun 2023 Seagate ta amince ta biya tarar dala miliyan 300 ga Ma'aikatar Kasuwancin Amurka saboda sayar wa Huawei faifai sama da miliyan 7.4 tsakanin 2020 da 2021.

Halin yanzu

SSD, ma'ajiyar bayanai ta filash marar faranti mai juyi, ya kori faifai mai juyi daga yawancin kwamfutocin hannu da na tebur, kuma Seagate ba ta da masana'antar filash tata, don haka cinikinta ya koma kan manyan cibiyoyin bayanai, inda farashin kowane terabait ne abin dubawa. Dave Mosley ne shugaba tun Oktoban 2017. A Janairun 2024 kamfanin ya gabatar da Mozaic 3+, faifai mai terabait 30 a kan faranti 10, wanda ke da ɗan ƙaramin leza a kan kowane kai yana ɗumama gurbin rubutu sama da digiri 400 a ma'aunin Celsius na ɗan ƙiftawa kafin a rubuta.