Shiga makarantar likitancin haƙori a Nijeriya da asalin masu nema

Karatun likitancin haƙori a Nijeriya shekara 6 ne, kuma wanda ya kammala yana yin shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti kafin hukumar MDCN, mai kula da aikin likita da na haƙori, ta yi masa cikakkiyar rajista. Makarantar farko ta wannan fanni an buɗe ta a Jami'ar Legas a 1966, aka daɗe makarantun suna Kudu kaɗai kafin Maiduguri da Kano su samu nasu, daga baya kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ta buɗe tsangayarta.

Ana buƙatar mai nema ya samu kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, wato a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, sannan ya ci maki mai yawa a jarrabawar hukumar JAMB, wadda jimillar makinta 400 ne, ya kuma wuce tantancewar jami'ar da ya zaɓa. Gurabe kaɗan ne, domin MDCN ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗalibai gwargwadon malamanta da kayan aikinta. A jami'o'in tarayya ana raba guraben kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma ga jihohin da ke baya a ilimin boko, Sakkwato na cikinsu.

A takarda, sharuɗɗan ɗaya ne ga kowa. Amma tun kafin ranar jarrabawa asalin ɗalibi ya riga ya yi tasirinsa. Yaron da ya tashi a cikin birnin Sakkwato, ɗan ma'aikaci ko ɗan kasuwa, yakan samu makarantar kuɗi da darasin yamma da wani yaya da zai nuna masa hanya, alhali takwaransa na Gudu ko Isa ko Sabon Birni yana iya gama sakandare ba tare da ya yi gwaji a ɗakin kimiyya ba, sannan a zaunar da shi gaban kwamfuta, domin tun 2015 da ita ake rubuta jarrabawar JAMB. Kason jihohi yana duba takardar shaidar asali ne, ba ya tambayar halin gidan da mutum ya fito, saboda haka bai cika kaiwa ga ɗan manomi ba. Ga 'ya mace akwai ƙarin nauyi, domin tsawon karatun yakan ci karo da lokacin da ake sa ran aurenta. Wasu kuma sukan zo fannin ne bayan sun rasa gurbin karatun babban likitanci.

Wannan batu yana da nauyi na musamman a Sakkwato, inda aka kafa asibitin yara masu cutar noma a 1999. Cutar, wadda sunanta ba shi da alaƙa da noman gona, tana farawa ne daga gyambon dasashi ta ci fuskar yaron da ke fama da tamowa, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su. Yawancin yaran da ake kawowa 'yan karkara ne, kuma sau da yawa sai ciwo ya yi nisa. Likitan da ya tashi a irin waɗannan ƙauyuka, yana jin Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci, shi ya fi saurin fahimtar dalilin da ya sa uwa ta fara zuwa wurin mai maganin gargajiya, kuma irinsa ne tsarin shiga ya fi bari a baya.