Tilasta Bayyana Mabuɗin Sirri a Shari'o'in Laifi

Tilasta bayyana mabuɗin sirri shi ne ikon da doka ke bai wa hukuma ta umurci mutum ya miƙa kalmar sirrin wayarsa ko kwamfutarsa, ko kuma ya buɗe bayanan da ya kulle, domin masu bincike su karanta su. Buƙatar ta taso ne saboda izinin kotu yana ba 'yan sanda damar ƙwace na'ura, amma ba ya buɗe musu abin da ke cikinta muddin kullewar mai ƙarfi ce.

Birtaniya ta bi hanyar doka kai tsaye. Kashi na uku na dokarta ta ikon bincike ta shekarar 2000, wanda ya fara aiki a watan Oktoba na 2007, ya mayar da ƙin miƙa mabuɗi laifi mai zaman kansa, da ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko biyar idan batun ya shafi tsaron ƙasa ko hotunan lalata da yara. Faransa, Ostireliya da Indiya su ma suna da tanadi makamancin wannan.

A Amurka kuwa lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin gyara na biyar a kundin tsarin mulkinta ya hana a tilasta wa mutum ba da shaida a kan kansa. Muhawarar ita ce ko kalmar sirri kamar makullin akwati take, wanda ana iya karɓa, ko kuwa abin da ke cikin zuciyar mutum ce, wanda furta shi shaida ne. Masu gabatar da ƙara kan ce idan hukuma ta riga ta san na'urar ta wanda ake zargi ce kuma ya san kalmar, buɗewar ba ta ƙara mata wani sani. Kotun ƙolin jihar Pensilbaniya ta ƙi amincewa da tilastawar a 2019, ta Niyu Jasi kuma ta halatta ta a 2020.

Wani lokaci kamfani ake matsa wa maimakon wanda ake zargi, kamar yadda hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta nemi kotu ta sa Apple ya taimaka wajen buɗe wayar ɗaya daga cikin maharan da suka harbe mutane a garin San Banadino na Amurka a 2016, kafin ta janye bayan ta samu wata hanyar. Wahalar da babu dokar da ta warware sosai ita ce mantuwa, domin a gaban alƙali da wuya a bambance mai ɓoyewa da wanda ya manta da gaske.