Dokar Zuƙe Hayaƙin Tiyata da Yadda Ta Shafi Aikin Lafaroskofi

Idan likita ya yanka nama ko ya ƙona jijiyar jini da na'urar lantarki ko hasken leza, hayaƙi na tashi. Kusan kashi 95 cikin 100 nasa tururin ruwa ne. Ragowar ce matsalar: akwai sinadarai masu guba irin su benzin da fomaldihaid da kabon monoksaid, ga ɓurɓushin nama da jini, har an taɓa gano ƙwayoyin cuta a ciki.

A shekarar 2018 jihar Rhode Island ta Amurka ta zama ta farko a ƙasar da ta kafa doka kan wannan, ta fara aiki a Janairun 2019. Kolorado ta biyo baya, sannan wasu jihohin. Abin da dokar ta ce a taƙaice shi ne: dole kowane asibiti da cibiyar tiyatar da ake sallamar majiyyaci a ranar da aka yi masa aiki su kafa ƙa'idar amfani da na'urar zuƙe hayaƙi a duk aikin da ke haifar da shi. Wato nauyin ya koma wuyan asibiti. Da can, sai likitan da ya ga dama yake kunna na'urar, ma'aikatan jinya kuwa, da su ne ke wuni a ɗakin, ba su da ta cewa.

Wani zai ce ai a lafaroskofi, wato tiyatar da ake yi da kyamara ta ƙananan huji, ba a buɗe ciki, ina ruwanta da wannan doka? Da ruwanta sosai. A wannan aikin ana hura wa cikin majiyyaci iskar kabon dayoksaid domin a samu sarari, a zura kyamara da kayan aiki ta ƙananan huji. Hayaƙin ba shi da mafita, sai ya taru ya dushe kyamara, wani ɓangare kuma jikin majiyyacin ya tsotse. Tsohuwar al'ada ita ce a murɗa makunnin bututun da aka zura a hujin cikin a saki iskar. Tana fitowa da ƙarfi, sau da yawa dab da fuskar masu aikin.

Abin da ake bukata yanzu shi ne iskar ta bi ta mataci kafin ta fita, galibi irin wanda ake kira ULPA, mai tare ƙananan ɓurɓushi da kashi 99.999 cikin 100, haɗe da gawayi na musamman da ke kama iskar guba da wari. A ƙarshen aiki ma, sai an zuƙe iskar cikin gaba ɗaya ta matacin kafin a zare bututu ko a fito da abin da aka yanke. A ganina nan ne aka fi sakaci, domin lokacin kowa ya gaji.

Takunkumin tiyata na yau da kullum ba ya tare irin wannan hayaƙi. Matacin da aka gama da shi kuwa, da safar hannu ake cire shi, a zubar cikin sharar asibiti mai haɗari.