Idan Jariri Ya Fara Haki, a Fara Ƙirga Numfashinsa

Tari da majina ba baƙon abu ba ne a wajen jarirai, musamman in hunturu ya kama. Yawanci mura ce, takan wuce da kanta. Amma a cikin murar ne ciwon huhu, wanda ake kira nimoniya ko sanyin haƙarƙari, yakan ɓuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 700,000, alhali yana da magani. A numfashi ake gane shi, kuma kowace uwa za ta iya dubawa a ɗakinta.

Uwar goyo, ki bari sai yaro ya natsu, ba ya kuka, ba ya shan nono. Ki ɗaga rigarsa, ki sa agogon waya, ki ƙirga tashin cikinsa na minti ɗaya cur. Kada ki ƙirga rabin minti ki ninka, domin jariri yakan yi sauri ya tsagaita. Wanda bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa 11, 50 ne iyaka. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ya kai haka, ranar za a kai shi asibiti.

Sai ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa. A lafiyayyen yaro, ƙirji da ciki tare suke tasowa idan ya ja iska. In wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja, huhun ya jigata. Haka in ƙofofin hanci suna buɗewa, ko yana nishi a kowane numfashi, ko leɓe da harshe sun yi shuɗi-shuɗi, ko ya kasa kama nono, ko yana amayar da komai, ko jijjiga, ko barcin da ba ya tasuwa. Waɗannan ba sa jiran gari ya waye. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, zazzaɓi ko sanyin jiki kaɗai ya isa a tashi, ko bai yi tari ba.

A hanya ki rungume shi kansa a ɗage, fuska a buɗe. Don Allah kada a yi masa ɗura. Yaron da ke haki ba ya iya haɗiya da kyau, kunu ko jiƙo sai ya zarce huhu.

A asibiti za a maƙala masa 'yar na'ura mai auna iskar oksijin da ke cikin jini a yatsan ƙafa. In ta nuna ƙasa da 90, jininsa na ƙarancin iska, za a sa masa oksijin ta siririyar roba a hanci. A nan ne iyaye da dama ke tsorata, saboda an daɗe ana cewa wanda aka sa wa oksijin ba ya tashi. Gaskiyar magana, yaran da ake rasawa a kan oksijin yawanci an kawo su ne a makare. Oksijin ne ke riƙe ƙwaƙwalwa da zuciya kafin magani ya ci jiki, don haka kada a cire robar, ko da yaron ya fara sakewa. In aka sa wata robar ta ba da abinci, ki riƙa tatse nono a kofi mai tsabta duk bayan awa uku, har da dare, a ba shi ta nan. Hakan zai hana nonon ƙafewa. Wani ciwon, kamar na ƙananan hanyoyin iska da ke sa jarirai shesheƙa, ƙwayar bairos ce ke kawo shi, maganin kashe bakteriya ba ya yi masa komai. Oksijin da nono ne jinyarsa.

Maigida, naka aikin ya wuce kawo kuɗin magani. Matar da ta kwana uku a zaune tana buƙatar abinci da wadda za ta karɓe ta ta runtsa. Kuma kada a matsa a sallame ku kafin likita ya yarda.

In an ba ku amoxicillin mai narkewa, wato maganin kashe bakteriya, a narka shi a cokalin nono ko ruwa mai tsabta, safe da yamma, a cika kwanakin da aka rubuta. Dainawa da zarar zazzaɓi ya sauka shi ke dawo da ciwon. In kwana biyu zuwa uku babu sauƙi, a koma. Toshewar hanci, ɗigon ruwan gishiri na kemis kafin shayarwa ya wadatar. Ban da maganin tari, ban da man zafi a hanci, ban da zuma kafin shekara ɗaya, kuma cire belu a wajen wanzami ba ya warkar da tari, sai zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Huhun da ya warke yana son iska mai kyau. A nisanta yaron da hayaƙin murhu, turaren wuta, taba da maganin sauro na kunnawa. A kuma duba katin rigakafinsa: alluran sati 6, 10 da 14 suna kare shi daga manyan ƙwayoyin nimoniya, ta ƙyanda kuma a wata tara. Wadda aka tsallake, ana iya cike ta a asibitin unguwa.